Injiniya da Dandalin Ƙofar Gidansa

Ana kiransa Injiniya duk da cewa shi ba injiniya ba ne. Tsara birane ya karanta, amma ya gaji da gyara wa mutane har sunan ya bi shi. Magana ɗaya gare shi, a ofis ko a layin shan mai: fili a cikin gari ba don a ɗauki hotonsa aka yi shi ba. Kamata ya yi tun fitowar rana har faɗuwarta a samu mai zama a cikinsa, wannan ya tashi, wancan ya zo. Matarsa ta ji wannan karatu har ta haddace.

Ana nan sai hukumar gari ta mayar da tsohuwar tashar mota bayan gari, ta ba shi filin ya tsara. Filin kuwa a ƙofar gidansa yake, tagar ɗakin da yake zane ma shi take kallo. Injiniya ya ce Allah ne ya kawo masa aiki har gida.

Ya zage damtse. Ya hana a sare bishiyoyin da direbobi ke kwana a ƙarƙashinsu. Ya sa aka ƙera bencina masu taya, waɗanda ko tsohuwa za ta iya turawa inuwa, da rumfuna masu naɗewa, da famfo, da wurin cajin waya a jikin kowane ginshiƙi. Tsakiya kuwa ya bar ta fayau, kowa ya yi abin da ya ga dama. Shugaban hukumar ya so a zagaye wurin da katanga, a sa mai gadi.

"Ranka ya daɗe," in ji Injiniya, "in ka sa katanga ka kashe shi tun bai yi numfashi ba."

Shugaba ya haƙura, aka buɗe dandali. Kuma abin ya yi, har ya wuce yadda aka zana.

Gari na wayewa matan unguwa za su fito motsa jiki, da wata malama mai lasifika wadda muryarta ba ta buƙatar lasifika. Suna watsewa masu talla za su ja rumfuna. Da rana ma'aikata su zo cin abinci, masu gyaran waya su kunna kiɗa don gwada kayansu. La'asar ta yi, yara su ture bencina gefe su kafa ƙwallo. Da yamma tsofaffi su dawo da bencinan su zauna karta da musu, can gefe kuma wasu samari suna koyon busa ƙaho, waƙa ɗaya tal, ita ma ba su taɓa kai ƙarshenta ba.

Makonnin farko Injiniya a taga yake wuni, yana murmushi kamar wanda aka yi wa haihuwa. Daga baya ne ya lura gidansa ya zama kango. Matarsa ta fitar da keken ɗinkinta ƙarƙashin rumfa, ta ce ciniki ya fi a can. Mahaifiyarsa, wadda ciwon gwiwa ya hana ta ko leƙa zaure, yanzu ita ke shugabantar hirar tsofaffin mata, sai an je an roƙe ta take shigowa shan magani. Yara kuwa sai dai ya hango su ta taga. Baƙi suna ƙwanƙwasa ƙofa su gode masa, sannan su tambayi ina ne banɗaki. Ga shi an ba shi sabon zane, amma in ya ɗora fensir a takarda sai ƙaho ya tashi.

Wata rana ya tare matarsa ta shigo ɗaukar zare.

"Maman yara, wai mutanen nan ba su da gidaje ne?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Baban yara, ai fili ba don a ɗauki hotonsa aka yi shi ba. Wannan ya tashi, wancan ya zo."

"Ban ce ki maimaita mini ba."

"To wa zan maimaita wa? Abincinka na kan tebur, ka ɗumama."

Ya kwashi takardunsa ya shiga mota, ya yi ta yawo yana neman inda zai ji kansa. Ɗakin karatu na gari ana gyara. Ofis kuwa kowa so yake ya taya shi murna. Da ƙyar ya yarda ya karkata motar zuwa babban dandalin da ke gaban ginin hukuma: shimfiɗar marmara mai ƙona tafin ƙafa, da maɓuɓɓugar ado da ta daɗe da ƙafewa, da bencinan siminti da aka dasa a tsakar rana. Ya taɓa nuna hoton wurin a wani taron masana, ya kira shi maƙabartar da aka manta a sa wa kaburbura. An yi dariya sosai ranar. Wanda ya zana wurin, tsohon malaminsa da ake kira Farfesa, yana zaune a sahun gaba, bai yi dariya ba.

Shiru ya tarbe shi kamar ruwan sanyi. A jikin bangon ginin akwai 'yar siririyar inuwa, a cikinta kuma wani tsoho zaune da jarida. Injiniya ya so ya juya, amma an riga an gan shi.

"Barka da hutawa, Malam," ya faɗa yana russunawa.

Farfesa ya sauke tabarau. "A'a, ɗana. Ziyarar kaburbura ka zo?"

"Malam, a yi haƙuri. Wuri nake nema in yi aiki."

"Ka ga wuri nan. Tun da na yi ritaya nake zuwa, ko akuya ba ta taɓa damuna ba. Sharaɗi ɗaya: kada ka gyara mini komai."

Injiniya ya yi alƙawari. Ya zauna a dandamali ya ɗora takarda a gwiwa, ranar ya yi aikin da ya gagare shi wata guda.

Sai dai hali. Bayan 'yan kwanaki bayansa ya fara ciwo, ya zo da kujeru masu naɗewa, ɗaya tasa, ɗaya ta Malam. Inuwa tana gudu da tsakar rana, ya kawo babbar laima. Farfesa ya harare ta, amma ya matso ƙarƙashinta. Rannan wani mai shayi yana wucewa da kayansa a baro, Injiniya ya kira shi don ya girmama malaminsa da kofi ɗaya. Mai shayi ya dubi laima, ya dubi direbobin manya da ke gasuwa cikin motoci a bakin titi, ya sauke tebur. Direbobi suka fito. Mai wankin takalmi ya biyo direbobi, mai jarida ya biyo mai wankin takalmi. Yaran makaranta suka gano babu inda keke ke gudu kamar kan marmara. Busasshiyar maɓuɓɓugar ma wasu 'yan mata suka mayar da ita wurin gwajin wasan kwaikwayo.

Shugaban hukuma ya hango taron ta tagar ofishinsa, ya sauko da muƙarrabansa da mai ɗaukar hoto. Ya riƙe hannun Injiniya ya ɗaga sama.

"Kun ga mutumin kirki! Ba wanda ya sa shi, shi kaɗai ya zo ya tashi mataccen wuri. Daga yau na ba shi dandalin nan, ya ƙarasa abin da ya fara."

Aka yi ta tafi. Injiniya ya yi yaƙe, yana neman malaminsa da ido. Ya hango shi ya naɗe jarida ya nufi motarsa, sai ya zame daga cikin mutane ya bi shi da sauri.

"Malam, wallahi ban yi da niyya ba."

"Na sani, ɗana. Da niyya ka yi da ma da sauƙi."

"Yanzu ina za ka koma?"

"Na samu wani wuri. Shi ma ni na zana shi. Ya fi wannan muni, ko tsuntsu ba ya sauka."

Injiniya ya matso da sauri. "A wace unguwa yake, Malam? Ba zan kawo komai ba. Ko fensir in ka ce in bari, zan bari."

Farfesa ya shiga mota, ya ɗaga gilashi, ya danna makulli, sannan ya yi masa sallama da hannu cikin fara'a. Bai ba da sigina ba da ya kai mararraba, don kada a gane inda ya nufa.

Injiniya ya daɗe a bakin titi kafin ya koma ɗaukar takardunsa. Ya tarar wani ƙato zaune a kujerarsa yana shan shayi, ya ɗora kofin a kan zanen.

"Yallaɓai, ka ɗan jira," in ji mai shayi. "Yana gamawa zai tashi, kai ma ka samu wuri."