Ramin Baba Yusha'u

A Kakangi ba a kiran mahaifina da sunansa. Mai Rami ake ce masa, shi kuwa ya amsa da fara'a kamar an naɗa masa rawani. Sunan ya girme ni. Wata shekara tsutsa ta fito daga daji tana tafiya a ƙasa, baƙa ƙirin, tana lashe duk gonar da ta tarar. Baba Yusha'u, yana saurayi a lokacin, ya haƙa dogon rami ya kewaye gonar gidansu. Tsutsa ta zo ta zube a ciki, aka bi ta da wuta. Gonarsu kaɗai ta tsira, ita ta riƙe rabin unguwa. Na sha jin labarin nan har na haddace inda yake tsayawa ya yi tari.

Da 'yan bindiga suka kore mu muka dawo unguwar Magajin Gari, wani bawan Allah mai suna Timothy ya ba mu aron gefen gonarsa. Manyan gonakinmu suna can bakin daji, ba mai ko waiwayar su. Masarar da muka shuka a wannan 'yar gonar ita ce tuwonmu na shekara, ni da Baba da Inna Hajjo da marayun yayana. Ba mu da wata.

Masara ta kai gwiwa sai na ga ganyenta ya yi huji-huji. Na gaya wa Baba. Wallahi idonsa haske ya yi. Tun da muka baro gida ban ga ya miƙe da sauri haka ba.

"Kadijatu, ɗauko mini diga."

Timothy ya tarar da shi yana sara ƙasa, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, wannan fa ba irin ta da ba ce. Ba ta ƙasa take zuwa ba. Wani ɗan malam-buɗe-littafi ne ke sauka ya yi ƙwai a kan ganye, tsutsar ta shige can tsakiya. Ina da sauran magani, mu bi masarar ɗaya-ɗaya mu zuba a ciki."

Baba ya yi dariya har da riƙe ƙugu.

"Timothy, ɗana, tsutsa mai fiffike? Ranar da na gama da tsutsa ko haihuwarka ba a yi ba. Waɗannan 'yan gaba ne kawai. Rundunar tana tafe, kuma ta daji za ta ɓullo."

Ya hana a zuba maganin, wai ɓata lokaci ne. Ya sa mu duka kwasar ƙasa a kwano. Na yi magana, na yi fushi, na yi kuka. Da na saci jiki na shiga da maganin Timothy, ban gama layi biyu ba ya gan ni. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Cewa ya yi, "Ke ma kin raina ni ke nan." Inna ta ja ni gefe.

"Ƙyale shi, 'yar nan. An raba shi da shanu, an raba shi da gida, an raba shi da ɗa. Ramin nan kaɗai ya rage masa."

Na ƙyale shi, amma raina a ɓace yake, har yau kuma bai huce ba.

Rami kam ya yi kyau, ba zan ci amanarsa ba. Zurfinsa ya kai ƙugu, bangonsa sumul kamar an yaɓe ɗaki. Kullum da safe Baba zai zauna a bakinsa ya juya wa gona baya, ya zuba wa hanyar daji ido. Abin da ramin ya kama bai wuce ruwan sama da kwaɗi ba. A tsallake masarar Timothy ta yi tozali da sama, ta fara goyo. Tamu ta zama tsumma a tsaye.

Ranar da na tabbata babu ko zangarniya ɗaya da za mu ci, na tumɓuke kara guda na kai gabansa. Na ɓare tsakiyarsa. Ga ta nan kwance, ƙatuwa, ta ƙoshi da abincin marayu.

"Baba, duba. Tun farko a ciki take."

Ya karɓa ya daɗe yana kallo. Na ɗauka ya gane, har tausayinsa ya kama ni. Sai ya ɗaga kai ya bi ramin da ido, daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"To ta ina ta bi?" in ji shi a hankali. "Akwai inda bai yi zurfi ba."

Ya ajiye karan, ya jawo diga, ya sauka cikin ramin. Na juya na kama hanyar gida ina jin saransa a bayana, ban san abin da zan gaya wa yaran ba.