Daddoyar Bayan Banɗaki

Wata biyu kacal Fulera ta yi a Kumasi tana jinyar yayarta. Kafin ta tafi, ta bar wa mijinta Mahama amanar daddoyar da ta shuka a tsofaffin gwangwanayen fenti, a tsakar gidansu na unguwar Maamobi. Ba don ado ta shuka ba. 'Yarsu Zalia na da tsohon ciki, kuma a dangin Fulera mai jego ba ta rabuwa da ruwan daddoya mai zafi.

Mahama kuwa, tsohon direban tashar Tudu, bai iya yin abu rabi da rabi ba. Ruwa safe, ruwa rana, ruwa yamma. Ya jibga kashin kaji, ya janye gwangwanayen zuwa inuwa don tausayi, ya bar su suka yi fure son ransu.

Ranar da Fulera ta dawo, Zalia ta kwana biyu da haihuwa. Mahama ya tare ta baki har kunne, yana nuna mata ganye fato-fato.

"Duba, Hajiya! Ya yi kyau paa!"

Ta tsinki ganye ɗaya, ta murza, ta shinshina. Babu komai, ruwa ne zalla. Ranta ya ɓaci har idonta ya kawo ƙwalla.

"Alhaji, salak ka noma min? Daddoya yana son rana, yana son ƙishi kaɗan. Ka bar fure, duk ƙarfi ya gudu can."

"Ai gata na yi mishi," in ji Mahama, murya ƙasa-ƙasa.

Ta zaga bayan banɗaki don ta wanke fuska, sai ga gwangwani ɗaya da bawan Allah ya manta da shi sam. Rana ta gasa shukar, akuyar maƙwabta ta cinye mata kai tun kafin ta yi fure, ganyen 'yan mitsi-mitsi kamar farce. Tana murzawa ƙamshi ya buge ta har da atishawa. Dariya ta ƙwace mata.

"Wannan da gangan na bar shi," Mahama ya ce daga bayanta, ko kunya babu.

Washegari da hantsi, raɓa ta bushe, rana ba ta yi zafi ba, ta yanki rassan sama ta bar gindin ya sake toho. Ta dafa da citta, ta kai wa mai jego a ɗaki.

Zalia ta kurɓa, ta lumshe ido, gumi ya karyo mata.

"Mma," ta ce, "sai yau na ji jikina ya dawo nawa."