Talotalo a Ranar Hana Wuta

Matata Merle ta mutu ran wata Talata cikin Agusta, tana shanya a bayan gidanmu. Na iske ta kwance kusa da kwandon wanki da safata ɗaya a hannunta. Likita ya ce zuciya ce, ya ce ba ta sha wahala ba. Ban san inda ya samo wannan labari ba, tun da ba ya wurin.

Bayan jana'iza matan cocinmu suka yi ta kawo abinci, kowace da sunanta manne a gindin kwano, kada baƙin ciki ya sa in riƙe mata kaya. Fasto ya zo ya ce matata tana wurin da ya fi nan. Na ce masa duk wanda ya bar yankinmu na Mallee yana wurin da ya fi nan. Bai sake zuwa ba.

'Yata Kerryn ce ba ta gaji ba. Duk ƙarshen wata sai ta tuƙo mota daga birnin Adelaide, ta buɗe firij, ta shinshina madara, sannan ta dube ni irin duban da ta yi wa madarar. Ta riga ta samo mini ɗaki a wani gidan tsofaffi kusa da ita, inda ake haɗa mutane waƙa ran Alhamis. Da Disamba ta matso sai ta biyo ta wata hanya.

"Baba, bana a gidana za a yi Kirsimeti. Jatan lande, nama mai sanyi, salak. Ba zafi ba wahala. Ai ka yi nasara, shekara nawa kana roƙon haka."

Gaskiya ta faɗa. Shekara arba'in da 'yan kai ina cewa gasa talotalo ran Kirsimeti, wanda a ƙasar nan yake faɗowa tsakiyar bazara, hauka ne na mutanen da suka tsallako teku da ƙanƙarar Ingila a cikin ƙoƙon kansu. Tarihi na koyar a makarantar garinmu har na yi ritaya, saboda haka ina da hujjoji, kuma ban taɓa rowarsu ba. Merle takan saurara, ta tafi ta sayo talotalonta. Amma na karanta labarin garuruwan da aka yi wa ƙawanya, na san ba da ganuwa ake farawa ba, da rijiya ake farawa. In Kirsimeti ya koma Adelaide, ni zan bi bayansa da akwati.

Na ce, "A nan za a yi. Da talotalo."

"Wa zai gasa?"

"Ni."

"Baba, kai da ko ƙwai ba ka..." Ta tsura mini ido. "To. Ka fitar da abincin nan a kan tebur, ba ka ƙone gida ba, ba ka kai mu asibiti ba, ni kuma in bar maganar ɗakin. In abin ya gagara, mu je ka ga wurin. Gani kawai."

Na san wannan gani. Na yarda.

Dabarata mai sauƙi ce. Mijinta Gavin yana da murhun gawayi mai murfi, irin wanda maza ke tsayawa a kansa da kwalbar giya suna jin sun yi aiki. A tsakar gida zan yi gashina, ba ruwana da tandar Merle. Tun Agusta ban taɓa komai a kicin ɗin nan ba sai butar shayi da abin gasa burodi. Abu ɗaya na kiyaye mata, shukar ganyen ƙamshinta da ke gindin tankin ruwan sama: tayim, faski, da wani mai furfura da laushi kamar kunnen ɗan akuya da ake kira sej. Da bokitin da nake tara ruwan wanka nake ba su ruwa, kamar yadda take yi. Ba don ƙauna ba. Na tsani ganin abu ya mutu saboda sakaci.

Jajiberin Kirsimeti rediyo ya sanar da dokar hana kunna wuta a waje a duk yankinmu, gudun gobarar daji. Da safe iskar arewa ta taso, irin mai busar da yawu a baki. Gavin ya fito daga mota hannu rabbana.

Na ce, "Ina murhun?"

"Yana gida, Des. Ba ka ji rediyo ba?"

"Na ji. Can bayan gidan nan zan kai shi, wa zai gani?"

Gavin yana cikin 'yan sa-kai masu kashe gobarar daji, kuma ba ya bari a manta. "Wa zai gani? Ni. Ka ƙyasta ko ashana a waje yau, da hannuna zan kai ƙararka, in dawo in ci abincinka."

"In akwai abincin," in ji Valda, yayar Merle, wadda ta riga ta kame kujera mafi kyau a baranda ta ɗora kumburarriyar ƙafarta a kan kwali. "Barka da Kirsimeti, Farfesa. Yau dai za mu ga ko littafi yana dahuwa."

Kerryn ta ce, "Baba, akwai jatan lande a akwatin ƙanƙara a mota. Ko da."

Ko da. Na juya na shiga kicin na rufo ƙofa. Dokar Merle ce wannan: ran Kirsimeti ba mai shiga sai ta kira. Ni dai ba na son shaidu.

Aikin bai fi ƙarfin mai hankali ba. Na yanka albasa na soya da bota har ta yi laushi. Na marmasa burodin jiya, na tsinko ganyen nan uku na yayyanka, na kankare ɓawon lemun tsami, na fasa ƙwai, gishiri, barkono. Da na murza sej a tafin hannu sai kicin ya cika da ƙamshin rigar Merle, na tsaya na ɗan lokaci ina duban bango. Sannan na cusa haɗin a cikin tsuntsun, aikin da ba ya ƙara wa kowane ɓangare daraja, na ɗaure ƙafafun da zare, na shafe ƙirjin da bota, na tura shi cikin tanda. Na fere dankali da kabewa na ajiye.

Sai na tsaya ina jiran sauran aikin.

Awa huɗu Merle ke yi a rufe a nan kowace shekara. Mu muna baranda ƙarƙashin kurangar inabi muna korar ƙuda, muna tausaya mata. Ni kuma in yi ta bayani a kan yadda al'ada ke bautar da mutum. Yanzu ga ni, na wanke wuƙa, na goge tebur, na leƙa tanda, tsuntsu yana nan yadda na bar shi. Ba ya neman komai a wurina. Zafi kuwa ya kai inda kyandir ɗin kan kanta ya sunkuya kamar mai neman gafara. Rigata ta manne a baya. Fanka tana juya iskar tanda daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Gidanmu tsohon ginin dutse ne na kakannina Jamusawa, da ɗakin ƙasa a ƙarƙashin kicin inda Merle ke jera kwalaben 'ya'yan itacen da ta dafa da sukari. Rabona da sauka tun kafin gwiwata ta lalace, kuma ko a da can ba harkata ba ce. Na tuna za a so kwalba ɗaya a kan tebur. Na ɗaga murfin katako, na bi matakala a hankali.

Sanyi ya tare ni tun daga idon sawu. A ƙasa, bayan kantar kwalabe, ga wani gajeren benci na makarantarmu da na ɗauka an daɗe da zubar da shi. An ɗora masa matashi. A gabansa tsohuwar tasar wanka, ruwanta ya ƙafe ya bar zobe. A kan kanta, bayan kwalaben, ƙaramin kofin gilashi ɗaya a kife da kwalbar ruwan inabi mai zaƙi da aka sha rabi.

Na zauna, don gwiwata ta nemi haka. Ƙafafuna suka sauka daidai bakin tasar.

Can sama kusa da rufi akwai 'yar tagar iska mai raga, wadda ta buɗe daidai ƙasan baranda. Muryoyinsu suka zubo mini kamar a kunnena suke magana.

"Shiru ya yi yawa," in ji Kerryn. "Gav, leƙa mana."

"Ni? Ina da yara. To, ba ni da su, amma ina so."

"Ku bar shi," in ji Valda. "Ko ya fito da talotalo, ko a fito da shi."

"Anti Val!" Kerryn ta yi ajiyar zuciya. "Duk shekara Mama na shan azabar nan saboda mu. Shi ya sa ban so ya yi."

Valda ta yi dariya har ta sarƙe. "Azaba? Yarinya, uwarki ko naman ba ta so. Ba ki lura fiffike kawai take ɗauka ba? Ita ta gaya min da bakinta, talotalo ne kaɗai abincin da ke korar mutane daga kanta rabin yini. Ubanki na nan yana rushe daular Rum, marigayi mijina Ron yana kan farashin alkama, ni ina kan ƙafata. Ita kuwa tana wani wuri abinta. Duk gidan nan ita ce mai wayo."

"Rage murya mana."

"Wa zai ji?"

Na ji. Kuma na gane cewa duk abin da na taɓa faɗa a barandar nan ran Kirsimeti ya sauko ta wannan raga, ya iske ta da ƙafa cikin ruwa da kofi a hannu.

Abin da na fara ji haushi ne, ba zan ɓoye ba. Shekara arba'in ina tausayin mace, ashe hutu take. An ci ni da yaƙi ban ma san ana yi ba. Na kawo ruwa daga famfon sama a buta na cika tasar, na tuɓe takalmi. Na goge kofin da gefen rigata na zuba. Abin ya yi zaƙi kamar maganin tari. Na ƙara.

A sama Gavin ya shiga labarin wata gobara da ya kashe kusan shi kaɗai. Daga nan ƙasa labarin ya fi daɗi, don ba sai ka gyaɗa kai ba. Na zauna ina jin su, mutanen da suka rage mini a duniya, kusa yadda zan san suna nan, nesa yadda ba za su nemi komai ba. Na dubi bencin. Matashin yana gefe ɗaya, wajen bango. Ɗaya gefen katako ne tsirara, ƙura ta kwanta a kai.

Ƙauri ne ya tashe ni. Na hau da sauri iyakar yadda gwiwa ta bari. Tsuntsun bai ƙone ba, amma ya wuce lokacinsa, fatar ta yi duhu, ƙafafun sun ja baya. Na san wannan kama. Haka yake fitowa kowace shekara, kuma yanzu na san dalili. Na gasa dankalin da kabewar, na haɗa romo da man da ya tsiyaya, na buɗe ƙofa.

"A zo a ci."

Muka zauna da hulunan takarda a ka kamar kowace shekara, manya huɗu masu zufa. Valda ta leƙa farantin ta ce, "To, Farfesa, aƙalla tsuntsu ne." Na yanka. Ƙirjin yana marmashewa a bakin wuƙa. Haɗin ciki kam ya yi, ƙamshinsa ya cika ɗakin.

A gidan nan akwai abin da ake yi a wannan gaɓa. Ni nakan tauna loma ta farko in ce ya bushe, Merle ta ce zuba romo, sannan kowa ya fara ci. Yau ba wanda ya san ta inda za a fara. Gavin yana duban cokalinsa. Kerryn ta kai loma baki, ta tauna, ta yi ta taunawa.

"Ya bushe," in ji ta.

Na tura mata kwanon. "Zuba romo."

Ta ajiye cokali ta fita baranda. Gavin ya yunƙura, Valda ta ce, "Zauna, sarkin gobara, ba wuta ba ce." Muka ci gaba da ci. Can Kerryn ta dawo da jan hanci, ta gyara hularta, ta cinye abin da ke farantinta har ta ƙara.

Wajen la'asar iska mai sanyi ta juyo daga kudu, labule ya tashi, aka buɗe tagogi. Muna wanke-wanke, ni da Kerryn, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Zan ce su ba wani ɗakin. Bana dai."

"Bana dai," na ce.

"Yaya ka yi da zafin nan, Baba? Awa huɗu."

"Haƙuri," na ce. "Uwarki ce ta koya min."

Jatan landen suka koma Adelaide a akwatinsu. Gavin ya sauke Valda a hanya. Da ƙurar motar ta kwanta na kai wa sej bokitinsa, na dawo na ɗaga murfin katakon na sauka in zubar da ruwan tasa. Ban zubar ba. Na goge ƙurar ɗaya gefen bencin da hular takardata na zauna a nan, na bar mata wajen matashin. Bencin yara ne, amma zai ɗauki mutum biyu in ɗaya ya ɗan takura.

Na yi mata magana mai yawa a rayuwa, har ta haƙa rami ta ɓuya. Abin da ban samu na faɗa ba bai kai layi ɗaya ba, kuma ba a littafi na karanto shi ba.

Merle, matsa min. Ba zan ce komai ba.