Muryar da ke Aji Shida

Muryar Malam Labaran ta fara ja, ta yi kauri, ta nutse kamar ta mutumin da ake zare wa rai. Audi na bayan tagar aji shida da fartanya a kafaɗa, zai wuce gona kamar kullum, sai ya tsaya cak.

"Bak...wai... sau... tak...was..."

Abin da ya fi tayar masa da hankali, yaran ma haka suka amsa, a ja, a kaurare, kamar ciwo ɗaya ya kama ajin gaba ɗaya.

To, Audi ba mutumin tsayawa kallo ba ne. Shi ne fa wanda agana ta zane wa fuska ta ƙyale shi da ransa, shi ne wanda farin da ya ƙarar da shanun ƙauyensu Barkiya bai sa ya bar ƙauye ko ya roƙi tsabar kowa ba. Ya yar da fartanya, ya banke ƙofa.

Babu malam. Kujera wayam, har da ƙura. A kan tebur wata baƙar rakoda ce, irin wadda aka raba wa makarantu don a riƙa jiyar da yara darasi. Ga 'yarsa Sakinatu tsaye a gefe, ta ciro batir tana cizo don ya ƙara ƙarfi.

"Ke! Ina Malam?"

"Ga shi yana karatu, Baba. Batir ne ya yi sanyi."

"Na ce ina mutumin, mai ƙafa biyu!"

"Yana Zobe wurin aikin dam. Ran Litinin yake kawo sabon kaset. Ni ke kunnawa, in ya ƙare in juya."

Audi ya waiga ya dubi tagar. Tun da yarinyar nan ta shiga ajin yake wucewa ta tagar yana cewa, "Sannu da aiki, Malam!" In bai ji amsa ba sai ya gyaɗa kai, wai mutum ya duƙufa har gaisuwa ba ya ji. Da kaka damin gero yake kai masa har gida. A majalisa kuwa ya ishi kowa: ɗiyarsa ce monita, Malam da bakinsa ya ce ita ce hannun damansa, ƙarshen watan nan za ta rubuta jarabawa a Kurfi, ta wuce kwaleji, ta dawo ta riƙa yi wa matan ƙauyen nan allura. Ashe hannun daman juya kaset.

Ya dube ta. "Awaki bakwai, kowace ta haifi biyu. 'Ya'ya nawa ke nan?"

Sakinatu ta jujjuya batirin da ke hannunta. Idonta ya koma kan rakodar.

* * *

Da rana tsaka ya isa Zobe a kan keke, rakodar ɗaure a baya da igiya. Tifofi na kai da kawo, leburori ko'ina. Can ya hango Malam Labaran a inuwar rumfa, ya harɗe a kan baburinsa yana sallamar masu zuba yashi.

"A'a, Baba Audi! Lafiya? Kai, kayan gwamnati ka kwanto? Ka san wannan ɗauri ne?"

"A ɗaure ni. Wanda yunwa ba ta ɗaure ba, kai ne za ka tsorata shi? Mi ka bar ma 'ya'yanmu a aji?"

"Darasi na bar masu. Zamani ne, Baba. Ko a ƙasar Turawa da na'ura ake koyarwa yanzu."

"An ba ka ita ta taimake ka ne, ko ta gaje ka da ranka? Ta taɓa tsayawa ta tambayi yaro ko ya gane? Ta taɓa kama hannun wani ta ɗora a kan alli?"

Leburori suka fara taruwa. Malam Labaran ya yi murmushin da ya fi zagi ciwo.

"Kai da ko baƙi ɗaya na boko ba ka sani ba, kai za ka koya mani aikina?"

"Ban sani ba. Shi ya sa na ba ka ɗiyata."

Ba wanda ya yi dariya. Malam ya gyara hula, ya rage murya. "Je ka kai ƙara wurin hedimasta in kana so. Tifar can da ka gani, tamu ce ni da shi."

Audi ya ɗaga rakodar sama da hannu biyu, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. Wallahi da a da ne, da ta zama tarkace. Amma ya tuna ita kaɗai ce ke magana da yaran. Ya dangwarar da ita a gaban babur ɗin.

"Ga abokiyar aikinka nan. Gobe ku zo tare."

* * *

Ba su zo ba, daga shi har ita. Masu zuwa Dutsin-Ma suka ce sun ji ta a rumfar Zobe tana zuba wa leburori kiɗa. Aji shida ya yi tsit, yara suka koma wasan ƙasa a bayan makaranta. Kuma ka ji rashin kunya: mutanen ƙauye Audi suka ɗora wa laifi. Har matarsa Turai sai da ta ce, "Da dai ka bari, Maigida. Ai da ko murya suna ji."

Ranar jarabawa ya goya Sakinatu a keke har Kurfi. An wanke mata kayan makaranta, an feƙe mata fensir sabo. Ya zauna a gindin bedi tare da sauran iyaye, ya fara, "Tawa ita ce monita..." sai ya tuna da kaset, ya bar zancen.

Da aka tashi ya hango ta tana tahowa a hankali. Ya miƙe da sauri.

"Yaya? Kin rubuta?"

"An raba mana takarda, Baba, aka ce mu fara."

"To?"

"Na jira a faɗa in maimaita. Ba wanda ya faɗi komai, har aka ce lokaci ya cika."

Ta miƙa masa fensirin. Bakinsa na nan da tsininsa, kamar yadda aka feƙe shi da safe.