Kalmar Sirrin Mainasara

Kafin zuwan Mainasara, Ghali ne kaɗai ke taɓa kwamfuta a ofishin ƙungiyar manoman masara da ke Dangora. Kullum da safe sai ya buga kalmar sirri ya shiga, ya kuma buga wata doguwa mai buɗe makullin da ake ɓoye bayanan manoma da shi kafin a tura su Kano. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Abdulmumini, yakan tsaya a kansa yana jinjina kai.

Mainasara, sabon ma'aikacin ofishin, daga Yako yake zuwa a babur. Bai yi sati ba ya gyara tasa kwamfutar: da ya buga kalmar shiga, manhajar da ke riƙe da makullin sai ta buɗe da kanta.

"Kai, yaron nan akwai kai!" in ji Alhaji. Daga ranar ya koma tsayuwa a bayan kujerar Mainasara.

Abin bai yi wa Ghali daɗi ba. Ko dariyar Mainasara ya ji, sai ransa ya ɓaci.

"Ranka ya daɗe, wannan ganganci ne," ya ce wa Alhaji. "Duk wanda ya shiga kwamfutar ya samu komai."

Alhaji ya ce a dai bari a gani.

Ghali ke da ikon kula da duk kwamfutocin. Ranar da baƙi za su zo daga Kano, ya riga kowa isowa, ya canza kalmar shigar Mainasara. Nufinsa ya shiga a gaban kowa, ya nuna makullin a buɗe.

Da aka zauna, ya ja kujerar Mainasara ya buga sabuwar kalmar. Kwamfuta ta buɗe. Makullin ya ƙi, sai tambayar tsohuwar kalma yake yi. Ghali ya sake gwadawa, bai buɗe ba.

Mainasara ya leƙo, ya yi murmushi. "Yaya Ghali, ai ka taimake ni. Kun gani? Ko an canza daga sama, ba ya buɗewa sai da kalmar da ni na sa."

Baƙin suka hau yabo. Alhaji ya dafa kafaɗar Ghali. "Allah ya yi maka albarka da wannan gwaji. Gobe Mainasara ya gyara taka ma."

Ghali ya ce amin. Ya fita bayan ofis ya tsaya, ya ƙura wa babur ɗin Mainasara ido, har aka kira shi ya kawo wa baƙi ruwa.