Tuwon da Ja'afaru Ya Daina Ci

Kalsum akwai tambaya! Da safe a tashar jirgin Agege, "Kana sona kuwa?" Da rana a kwalejin Yaba inda suke karatu tare, "Me na yi ka yi shiru?" Ja'afaru, mutumin Gumel mai sanyin hali, sai ya yi murmushi ya ce, "Haba Kalsum." Wannan haba ɗin kuwa ba ta taɓa isar ta ba.

Abu ɗaya ke kwantar mata da hankali. Duk Asabar yakan zo gidansu, ya baje a tabarmar mahaifiyarta Inna, ya share tuwo har da neman ƙari.

Kwatsam ya daina. Ya zo ya durƙusa daga bakin ƙofa, kai a sunkuye. Inna ta turo kwano, ya ce alhamdu lillahi, a ƙoshe yake. A ƙoshe! Mutumin da ko koko bai sha ba? Wata rana ma ya hango babanta yana dawowa daga mayanka, ya saki hanya ya bi lungu.

Kan Kalsum ya ɗaure. Ita haihuwar Legas ce, samarin ƙawayenta har kicin suke shiga. Ko wata ke dafa masa? Ko gidan mahauta ne ya fara yi masa ƙarni? Barci ya gagara, karatu ya ƙi shiga. Da ta tambaye shi sai ya sosa ƙeya ya ce, "Za ki gani." Tsoro ya ƙara kama ta.

Da ya sake ture kwano, ta fashe da faɗa a gaban Inna. "In ka gaji da mu ka faɗa! Kada ka ƙara tako gidan nan!"

Ya sa takalminsa ya fita.

Inna ta saki muciya. "Ke wace irin sakarya ce? Yaro ya daina cin abinci a gabana, ba ki gane ba? Kunyar suruka yake ji!"

Ran Litinin ta same shi a tasha, idonta a kumbure.

"Wallahi ban sani ba ne. Har yanzu kana sona?"

"Kawuna ya sauka a tashar jirgin Ido jiya da goron neman aurenki," in ji shi. "Na ce masa ya dakata."

"Har yaushe?"

"Ni ma ban sani ba. Ke faɗa mini, Kalsum, in an ɗaura, tambayar nan za ta ƙare?"

Ta buɗe baki za ta ce eh, sai ta ji ita ma ba ta sani ba.