Sha Biyun Rana Daidai

Auta na cikin zura zare a allura Hajiya ta faɗo ɗakin ɗinkin da waya a hannu, ko sallama babu.

"Kowa ta tsayar da kekenta."

Kekuna suka yi tsit. Hajiya ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kara musu wayar a fuska. Hoton labule ne ruwan ƙasa, rataye a taga, rana na ratsa shi. Auta ba ta buƙatar kallo na biyu, don ita ta rataye shi da hannunta a ɗakin yayarta.

"Kun ga shafin nan? Satinsa biyu. Ba suna, ba fuska, lambar ma sabuwa ce, sau uku ina kira ba a ɗagawa, sai dai saƙo. To ku dubi kalmasar ƙasan." Ta buɗa hoton da yatsu biyu. "Ninki uku, ɗinki a ɓoye. Duk garin nan shagona kaɗai ke yin ta. Mai shafin nan tana cikinku."

Duk sun san abin da ya sami yarinyar bara, wadda aka kama tana yi wa wata kwastomar Hajiya ɗinki a gida. Korarta kawai ba ta ishi Hajiya ba, sai da ta bi masu shagunan labule ɗaya bayan ɗaya a waya. Har yau yarinyar ba ta sake zama a kan keken kowa ba. Ita kuwa Auta, tun da aka rufe masana'antar da mijinta ke aiki, albashin nan ne ke ɗora tukunya a gidansu, ga yara biyu. Shafin kuwa mutum biyu kacal ya kawo mata zuwa yanzu.

Tun wata Asabar da rana suka tsara komai na shafin ita da Yaya, a kan tabarma, da littafin rubutu na 'yan makaranta. Yaya a shagon sayar da waya take aiki, kuma in ana maganar intanet ba ta barin kowa ya sa baki.

"Rubuta. Na ɗaya, ba fuska, ba murya. Na biyu, waya daban, layi daban, kuma a gida za ta riƙa kwana, kada ki kuskura ki kai ta wurin aiki. Na uku, hoto da hasken rana, ba da wannan ƙwan lantarkin naku mai kama da ciwon shawara ba. Na huɗu, kullum abu ɗaya, lokaci ɗaya, don mutane su saba."

"Wane lokaci?"

"Sha biyun rana. Lokacin matan ofis sun gaji da aiki, na gida sun gama shara, kowa ta ɗauki waya."

"Haba Yaya, ai lokacin ina kan keke."

Yaya ta kwashe da dariya har da tafa hannu. "Ke dai baƙauya ce wallahi. Ai daɗin abin ke nan. Ran Lahadi za mu jera hotunan sati guda, mu sa wa kowanne ranarsa da lokacinsa, shi zai riƙa fita da kansa. Ke kina can gaban Hajiya kina taka keke kamar waliyyiya. Wa zai zarge ki?"

A ranar dabarar ta yi wa Auta daɗi ƙwarai, har ta ja layi biyu a ƙarƙashinta.

"Na lura da abu ɗaya," in ji Hajiya, tana jawo kujera zuwa bakin ƙofa. "Kullum sha biyu daidai ake sakin hoto. Wato wata na laɓewa a banɗaki da waya. To yau za mu gani. Kowa ta kawo tata."

Ta zuba wayoyin a durowa, ta murɗa makulli, ta jefa shi a jaka.

"Ba mai fita sai sha biyu ta wuce. In hoto bai fito ba, ɓarauniyata na ɗakin nan, kuma sai na tono ta. In ya fito, kun kuɓuta."

Auta ta sauke wata ajiyar zuciya a ɓoye. Ashe Yaya ta san abin da take yi! Hoton zai fita, Hajiya za ta wanke su duka. Ta ɗora ƙafa a kan keke, ta juya don ta ari almakashi a wurin maƙwabciyarta kamar kullum, sai ta ga kujerar ba kowa.

Maman Biyu ba ta zo ba. Tun jiya ta nemi izini za ta kai ɗaya daga cikin tagwayenta asibiti.

Wayyo. Maman Biyu da ta kama hannunta ta koya mata kalmasar nan a satin farko, lokacin da Hajiya ke cewa hannun Auta na riƙon tsintsiya ne, ba na allura ba. Maman Biyu da mijinta ya rasu tagwayen suna goye. Auta ta dubi agogon bango. Goma da kwata.

Tsoro ya kama ta sosai. Ta ɗinka layi guda, ya karkace, ta farke. Ta sake, ya sake karkacewa. In da za ta sami Yaya a waya, minti ɗaya ya isa a tsayar da hoton. To amma in an tsayar, ai ita ma ta shiga uku, don Hajiya za ta tabbata mai shafin na cikin ɗakin. Kowane ɓangare ta juya wuta ce.

"Auta, lafiya kike zufa haka? Ga fanka a kanki."

"Lafiya lau, Hajiya. Zaren ne ke tsinkewa."

"Ya dai riƙa tsinkewa."

Sha ɗaya da rabi mai kawo yadi ya ƙwanƙwasa, Hajiya ta leƙa waje suna magana. Sarkin Surutu, wadda kekenta ke bayan na Auta, ta sunkuyo.

"Ni fa tun ɗazu na gano. Wa ba ta zo ba yau? Asibiti, asibiti. Hmm."

"Ki ji tsoron Allah. Yaron na da zazzaɓi, ni na gan shi."

"To ke me ya yi miki zafi?"

Auta ta juya ga kekenta. Ta fara lallashin kanta. Wataƙila Hajiya ba za ta tuna da Maman Biyu ba. Wataƙila intanet ɗin zai ɗauke. Ko da an zarge ta ma, ai za ta rantse, kuma gaskiya ce da ita. Sai ta tuna yarinyar bara ma ta rantse, har da kuka, ba abin da ya hana.

Saura minti biyar Hajiya ta dawo kujerarta, ta ɗora wayarta a cinya. Ba wanda ya ce a tsaya, amma kekunan suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ba a jin komai sai fanka. Auta ta kafe agogon bango da ido.

Wayar ta yi ƙara.

Hajiya ta duba, ta daɗe tana dubawa. Labule ne fari mai ratsin toka. Ta ɗago, ta bi su da ido tana motsa baki, har idon ya sauka a kan kujerar da ba kowa.

"Allah sarki. Asibiti ko?" Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Shekara tara ina riƙe da matar nan."

Ta ciro leda baƙa daga ƙarƙashin teburin yanka, ta nufi keken Maman Biyu. Ta jefa almakashinta mai jan ƙyalle a mariƙi, ta jefa tef ɗin awo, da silifas ɗin da take sawa in ƙafarta ta kumbura, da ɗan matashin da take jingina bayanta. Sauran mata suka sunkuyar da kai, kowa na murnar ba ita ba ce. An wanke Auta tas. Abin da ya rage mata kawai ta taka kekenta ta yi shiru.

Hajiya ta fara laluben lamba a waya.

"Hajiya."

Muryar ta fito siririya, har Auta ba ta gane tata ba ce. Ta miƙe tsaye.

"Na gobe shuɗi ne, mai fure a ƙasa. Na jibi zanin gado ne da matasai huɗu. Shi ma sha biyu zai fito, ko wayoyinmu na kulle a durowa. Tun ran Lahadi na jera su."

Sarkin Surutu ta dafe ƙirji. Hajiya ta tsaya da waya a hannu tana kallon Auta, kallon da ya fi zagi ciwo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta juye ledar a kan teburin Maman Biyu, kayan suka zube, silifas ɗaya ya faɗo ƙasa. Sannan ta miƙa wa Auta ledar.

Auta ta tsuguna ta ɗauki silifas ɗin, ta ajiye shi kusa da ɗan'uwansa a ƙarƙashin keken, kafin ta karɓa. Kayanta ba su cika rabin ledar ba, har da wayarta da Hajiya ta ciro mata daga durowa.

A bakin titi ta tsaya jikin wani shago. Me za ta gaya wa mijinta? Ba ta sani ba. Ta kira Yaya.

"Ya aka yi, Autar Mama? Kin ga na yau? Har mutum uku sun tambayi kuɗinsa."

"Yaya, littafin nan na wurinki?"

"Yana jakata. Me ya faru? Muryarki fa?"

"Buɗe shi. Ki soke na ɗaya, na ɓoye fuska da murya."